Goron Baye

Ban cika wata uku da ajiye aikin malamin dabbobi ba, wata la'asar ina zaune a ƙofar gida ina tsince tsakuwa daga geron doki, sai ga wani saurayi ya tsaya da babur. Yaron yana da tarbiyya, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Sannan ya zaro waya ya miƙo mini hoton wata goɗiya sari, ya ce, "Baba, an ce kana da bidi mai kyau a turke. Nawa ne baye?"

Na ce, "Ɗana, 'yar wace ce?"

Ya ce a Maigatari ya sayo ta Alhamis ɗin da ta wuce, kuma dillali ya rantse masa Talon ce, wato gaurayen dokin Sudan da na Arewa. Na ce ba wannan na tambaya ba. Uwarta nake tambaya, da dokin da ya baye uwar, da garin da aka haife ta. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, sai ka ce aure za a ɗaura?"

A take ban ji haushi ba, har ni ma na murmusa. Sai da dare ya yi maganar ta hana ni barci, domin da a gaban Baffana ya faɗe ta, da amsar da zai samu ita ce: eh, aure ne, kuma ba a ba wanda ba a san gidansu ba.

A bargar Baffa na tashi, ƙanin mahaifina, can gefen Garu a ƙarƙashin duwatsu. Ba bafade ba ne, ba shi da sarauta. Manomi ne mai turke huɗu, amma daga Chamo har Aujara duk mai goɗiya ya san hanyar gidansa. A lokacin Sarkin Dutse hakimi ne a ƙarƙashin Kano, kuma idan Sallah ta gabato dawakin ƙasar nan a ƙafa suke bin hanyar Gaya da Wudil su je hawa birni. Mutanen birni su ke da sirdi da lifidi da algaita, amma dokin da ke ƙarƙashinsu a ƙauye aka haife shi. Wannan shi ne abin da masu kallon hawa ba su taɓa lura da shi ba. Basarake ba ya hawan goɗiya, ba ya ma son a gan ta a bargarsa. To ina ingarmun suke fitowa? Daga bayan gidan talaka, a Sakwaya da Kudai da Karnaya, da rugagen Fulanin da ke fadamun Jahun da Miga. Attajiri ko hakimi ya sayi goɗiya ya ba mutumin ƙauye kiwo, ɗan fari na mai ita, na biyu na mai kiwo, haka muka tarar ana yi a wajenmu. Tsakanin wannan goɗiya ta ƙauye da ingarman gari akwai mutum ɗaya da yake haɗa su, irin su Baffa ke nan.

Kuma ban taɓa jin ya yanka wa baye farashi ba, ko sau ɗaya.

Mai goɗiya yakan iso da yamma ya kwana a zaurenmu. Ya zo da goro a ganye, wani ya haɗo da damin gero ɗaya ko biyu, wani harawa a kan jaki, Bafillace kuma ƙwaryar man shanu. Baffa ba ya duban abin da aka kawo. Ni ne mai shigar da shi cikin gida, kuma an gargaɗe ni kada in kuskura in ƙirga goron a gaban baƙo. Sunansa goron baye. Wanda bai zo da komai ba shi ma a baye masa goɗiya, ya ci tuwo ya tafi, in ya so bayan kaka ya aiko. Da na yi wayo na tambayi dalili, Baffa ya tura ni wajen limamin unguwarmu. Shi ya karanta mini cewa hadisi ya tabbata a Buhari daga Abdullahi ɗan Umar, Manzon Allah (SAW) ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, sannan a ruwayar Tirmizi an yi rangwame a kan kyautar da mai dabba ya bayar don kansa. Ya ƙara da cewa malamanmu na Malikiyya sun buɗe wata ƙofa: a Muhtasar an halatta a yi hayar namijin zuwa wani lokaci sananne, ko hawa kaza sananne. Abin da aka hana shi ne a ƙulla ciniki a kan sai mace ta ɗauki ciki, domin wannan ba a hannun kowa yake ba. Na dawo da gudu na gaya wa Baffa ashe akwai ƙofa. Ya ce ya san da ita tun ba a haife ni ba, shi dai ba zai bi ta nan ba.

Saboda haka ban ce yaran da ke karɓar kuɗi yau haram suke ci ba, gero ba kyauta ake ba su ba. Amma ina jin wasunsu suna tallar cewa "biya ɗaya, har sai ta ɗauka," suna ganin sun yi wa mai goɗiya adalci. Wannan ɗin kuwa shi ne ainihin wanda littafi ya hana. Da sun tambaya da an gaya musu.

Rashin farashin nan ne ya ba Baffa ikon da babu mai shi yanzu, wato ikon ya ce a'a. Wanda ya karɓi kuɗinka ya zama baranka. Wanda bai karɓa ba yana iya zagaya goɗiyarka sau biyu, ya ɗaga ƙafarta, ya buɗe bakinta, ya ɗaga wutsiya ya duba, sannan ya ce, "Malam, mai da ita gida ka ba ta dusa da kanwa wata biyu, ka dawo." Na ga ya mai da wani dagaci da goɗiyarsa saboda ƙafafunta na gaba sun karkace ciki. Dagacin ya ce, "Ai ba ita za a hau ba." Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanta za a hau, kuma da sunan dokina za a kira shi." Shekara biyu mutumin nan ba ya amsa gaisuwarmu a kasuwar Shuwarin.

Aikin kansa da asuba ake yin sa, bayan an idar da salla, kafin ƙuda ya tashi. Akwai wani ɗan kuru ja da Baffa ya ajiye, ba ya moruwa ga komai sai gwaji. Shi ake fara kaiwa kusa da goɗiya, da danga a tsakaninsu. In ta kwantar da kunne ta yi harbi, a mai da ita rumfa, sai gobe ko jibi. In ta tsaya ta buɗe ƙafa ta ɗage wutsiya tana ɗigar da fitsari, to ta yarda. Sai a janye bawan Allah kuru yana haniniya, shi rabonsa ke nan duk tsawon rayuwarsa. A sa wa goɗiya dabaibayi a ƙafafun baya, a naɗe gindin wutsiyarta da tsumma mai tsabta a ja gefe, a juya ta ta fuskanci gangare. Ingarma kuwa ba a sa masa linzami, ragama ce da igiya biyu, mutum ɗaya kowane gefe. Ba a barinsa ya afka. Baffa yakan tsayar da shi nesa kaɗan ya sansana, ya yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro, sai ya ga ya shirya sannan ya saki igiya. Da ya sauka, a watsa wa goɗiya ruwan sanyi a gadon baya, yaro ya ja ta ya yi ta zagaya fili da ita don kada ta tsaya ta yi yunƙuri. Da na je makaranta aka koya mana ruwan sanyin nan ba ya ƙara komai. Na gaya wa Baffa. Ya ce, "To, yana ragewa?" Na ce a'a. Ya ce in je in ɗebo.

Sau ɗaya a rana, ba ƙari, kuma in ya yi kwana biyu a jere sai ya huta na uku. Daga an ga watan azumi ya raba tsakiya an rufe baye sai bayan hawa. Lokacin da Baffa ya fi so shi ne farkon damina, saboda cikin goɗiya wata 11 ne da 'yan kwanaki, a lissafin watan sama har yakan doshi 12, don haka dukushi zai faɗo daidai lokacin da sabuwar ciyawa ke tsirowa, uwa ta samu nono. Wadda ta haihu lafiya kuma akan dawo da ita a kwana na 9. In baye bai kama ba, bayan mako uku za ta sake nema, a dawo da ita, babu sabon goro.

Amma abin da na fi so in rubuta kafin ya bi ni kabari shi ne takardar. Ba a baye a gidan Baffa sai da shaidu biyu, dattawa, kuma kafin mai goɗiya ya tafi sai an kira wani almajirin liman ya rubuta da ajami a ƙyallen takarda: ranar kaza ga watan kaza, bidi ɗan akawal ya baye goɗiya gunya mai farin goshi ta wane, mutumin gari kaza. Kofi biyu. Ɗaya mai goɗiya ya tafi da shi, ɗaya ya shiga wata tsohuwar gafaka da ke rataye a ɗakin Baffa. In dukushi ya faɗo, mai shi ya zo ya faɗa, a juya bayan takardar a rubuta launinsa da alamominsa. Ranar da za a sayar da shi, wannan ƙyallen takarda yana ƙara masa daraja fiye da duk rantsuwar dillali. Ita ce kuma take hana a mai da 'ya ga ubanta. Na sha ganin Baffa ya zaro takarda ya ce, "Wannan jikar dokina ce, kai ta Kiyawa wajen wane, nasa hurden ba su haɗa jini ba." Da bakinsa yake tura mutane wajen abokan hamayyarsa.

Da na fara karance-karance na tarar Turawan Ingila abin da suka yi ke nan, sai dai su sun ɗinke nasu ya zama littafi tun 1791, kuma ba su daina ba. Duk dokin sukuwarsu na asali, in ka bi ta wajen uba, a ɗayan ingarmu uku yake tuƙewa, waɗanda aka kai musu daga ƙasashen gabas. Har gobe ba sa rajistar dukushin da aka samu ta hanyar allura, sai doki ya hau da kansa. Akwai wani dokinsu Frankel da aka sa kuɗin bayensa fam 350,000 a 2024. Mai biyan wannan kuɗi ba tsayi ko sheƙin gashi yake saye ba, takarda yake saye. Mu muna da tamu a gafaka, muka bari gara ta cinye. Wannan ba habaici ba ne, gara ce ta gaske. Bayan rasuwar Baffa aka rufe ɗakin damina biyu, da na buɗe 'yan kaɗan na tsira da su.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma ya fi na gara. Ina sabon ma'aikaci, da farar riga da jakar allura, ina ganin na fi kowa sani, Baffa ya tafi ta'aziyya kwana uku ya bar mini barga. Wani fatake ya zo da goɗiya doguwa daga gabas, ya ce sauri yake yi, ya ƙirgo kuɗin da ya kusa albashina na wata. Na ɗaga wutsiyarta na ga ɗan ruwa-ruwa da kumburi, na ce wa kaina zafin tafiya ne. Babu kuru, babu shaidu, babu takarda. Akawal ɗin Baffa na ba shi, wanda ya fi ƙauna, uban bidin farko. Bayan 'yan makonni gabansa ya kumbura, wasu tabo zagayayyu kamar kwabo suka riƙa fitowa a haƙarƙarinsa suna ɓacewa, ya yi ta ramewa alhali yana cin abinci, daga baya ƙafafun baya suka fara ja. Cutar 'yar'uwar sammore ce, sai dai ita ba ƙuda ke kawo ta ba, ta wajen baye ake ɗauka, kuma na karanta ta a aji na ci jarrabawa a kanta. Ranar da dokin ya kasa tashi na je wajen Baffa na durƙusa na faɗi gaskiya, na ajiye kuɗin a gabansa, ko sisi ban taɓa ba. Bai zage ni ba. Ya ce in ɗauka in kai masallaci. Sannan ya shiga ɗaki ya zaro takardun goɗiyoyi biyu da akawal ɗin ya baye bayan waccan, ya ce in hau keke in je in gaya wa masu su da bakina. Tafiyar da ta fi kowace tsawo a rayuwata ke nan, kuma ƙauyukan ba su da nisa.

Na yi gaba da yawa, bari in koma. Goɗiyoyin ƙauye ba rana ɗaya suka ɓace ba. Farin 1973 ya fara kwashe su. Ina yaro na ga mutane suna jan goɗiya zuwa kasuwa don buhun dawa, wadda ba ta sayu ba a sake ta a daji. Aka ɗan farfaɗo, har a 1977 da aka yi babban hawan FESTAC a Kaduna dillalai suka bi ƙauyuka suna neman duk dokin da zai ɗauki sirdi. Sai farin 1984 ya zo ya ƙarasa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya raba sarakuna da baitulmalin En'e, hakimin da ke riƙe da turke goma ya koma uku. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 muka yi murna, ni ma da ni aka yi, amma filayen da muke yankan ingirici wajen Takur da Danmasara yau gidaje ne da ofisoshi. Abin da ya rage kuma babur ya gama da shi. Da Jincheng ta yi arha, manomin da ke zuwa Shuwarin ran Litinin ko Sara ran Talata a kan goɗiya ya ga abin hawan da ba ya cin harawa ranar da ba a hau shi ba. Wa zai ga laifinsa?

Abin mamaki, dawaki ba su ragu a gari ba, ƙaruwa suka yi. Je ka Garu ranar hawan Sallah ko hawan Bariki ka gani. Marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, ya ɗaukaka hawan Dutse, kuma ɗansa Sarki Hamim ya ɗora. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya. Samari sun rungumi kilisa da sukuwa da hawan angwanci. Amma tsaya a bakin hanya ka tambaya, cikin dawakin nan nawa aka haifa a ƙasar Dutse? Kusan duk a mota suka zo, daga Nijar ta Maigatari, ko daga Chadi da Sudan ta gabas. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin shekarar, farashin doki ya tashi kamar ba zai sauko ba. A nan ne samarinmu suka tuna ashe doki haihuwarsa ake yi. Kowa ya nemo goɗiya, kowa mai dogon doki ya zama mai baye.

Tsayi kawai suke kallo. A ɗauki hoton ɗan Sudan daga ƙasa don ya ƙara tsawo, a sa kiɗa, a watsa a Facebook da TikTok, dokin mai baki ya fi gudu. Wasu an ɗura musu allurar ƙiba har sun yi santsi, kuma irin wannan allura tana kashe ƙarfin haihuwa, mai goɗiya ya yi ta zarya yana zargin dabbarsa. Doki ɗaya ya hau uku a yini saboda an karɓi kuɗin mutum uku. Ba mai ɗaga wutsiya ya duba. Murar dawaki da ta ratso Arewa da Nijar a ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna ba adadi, ya kamata ta koya mana tsoron haɗa baƙuwar dabba da ta gida ranar da ta sauka daga mota. Ba ta koya mana ba.

Ba na ƙin ɗan Sudan, kada a yi mini mummunar fahimta. Yana da kyau a ƙarƙashin alkyabba, kuma a fili mai tsawo ɗan Arewa ba ya kama shi. Amma ɗan Arewa shi ne wanda kakanninmu suka tsare ƙasar nan a kansa lokacin hare-haren Ningawa. Gajere ne, ƙofatonsa kamar dutse, ya yini a rana a kan harawa da ɗan gero, ya kwana ya tashi garau. Ɗan Sudan kuwa damina ɗaya in ta yi nauyi sai ka yi ta kiran irinmu da dare. Shi Talon ɗin da ake rububi, ai sai da uwa 'yar ƙasa ake samunsa. In kowace goɗiya 'yar Arewa aka kai ta ga baƙon doki, 'yarta ma haka, jikarta ma haka, nan da 'yan shekaru da me za a gauraya?

Na kai wannan kuka inda ya kamata tun ina cikin aiki. Sau uku ina rubuta takarda cewa a ajiye ingarmu 'yan Arewa ko da huɗu ne a wuri ɗaya, a buɗe rajista, a riƙa duba goɗiya kafin baye. Wani babba ya karanta ya ce mini doki kayan ado ne, ba ya cikin dabbobin tattalin arziki. Shi kuwa a shekarar nan na gan shi a kan aron doki ranar Sallah, zagi biyu suna riƙe da shi kada ya faɗo.

Yaron mai babur ya dawo bayan kwana huɗu, wannan karon da goɗiyar a ƙafa. Na zagaya ta, na ɗaga ƙafa, na buɗe baki. Ba Talon ba ce, 'yar Arewa ce tsantsa, shekararta kamar shida, ƙirji mai faɗi, kuma ta taɓa haihuwa. Da na gaya masa sai fuskarsa ta canza, yana ganin an cuce shi. Na ce masa abin da ya samu ya fi abin da ya biya. Na sa ya bar ta a rumfar baya mako uku, nesa da turke, muka ɗebi jininta aka duba. Ranar da ta nema na kira maƙwabtana biyu suka tsaya, jikata ta rubuta takarda da boko, kofi biyu, shi kuma ya ɗauki hotonta a wayarsa, wanda na ga dabara ce mai kyau tunda gara ba ta cin waya. Ya sake tambaya nawa zai bayar. Na ce ya tambayi kakarsa abin da ake kaiwa. Washegari ya zo da goro da rabin buhun dusa.

Bidin nan jinin akawal ɗin Baffa ne ta wajen uba, takardunsa suna cikin waɗanda suka tsira, kuma shekarunsa sun fara ja. Duk mai goɗiya 'yar Arewa tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, don Allah kada ya sayar wa masu mota. Ya kawo ta farkon damina, ya zo da wanda ya san uwarta.